Bencin Baƙi na Musamman

A cikin ranakun aikina akwai wadda ban taɓa mantawa da ita ba, ranar da aka sauke mana benci daga bayan a-kori-kura a 'yar cibiyar lafiyar da nake riƙe da ita a ƙasar Batsari. Sabo fil, an shafe shi da shuɗin fenti, har da wurin jingina baya. Mun daɗe muna kai kukan a gyara mana rufin ɗakin haihuwa, don da damina sai mai naƙuda ta zaɓa, ko ta ji da ciwon mara ko ta kare kanta daga yoyo. Sai ga shi an ji kukanmu, an aiko mana da benci. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara, don na san wata rana za a aiko muku da naku.

A lokacin ni ce in-caji, wato wadda ake tambaya idan magani ya ƙare, kuma ake mantawa da ita idan an zo yabo. A samana akwai Alhaji Sabi'u, mai zagayen duba cibiyoyin yankinmu. A ƙarƙashina akwai ma'aikata kaɗan, cikinsu har da Malam Nura mai ba da kati, mutumin kirki, sai dai Allah ya hore masa murya da rawar jiki fiye da buƙata. Tsarin aikinmu ba shi da wuya. Marar lafiya ya zo ya karɓi katinsa ta taga, ya zauna a kan dakalin siminti da ke baranda, in an zo kansa in leƙo in kira sunansa. Mai awon ciki, mai zazzaɓi, manomin da fartanya ta sare, tsohuwa mai ciwon gwiwa, duk dakali ɗaya suke zama, kuma ba mai sanin abin da ya kawo na kusa da shi sai in shi ya ga damar faɗa.

Cikin masu zama a wannan dakali duk wata akwai Malam Iliyasu mai tuwo a tasha. Ɗan daudu ne, ba ni na raɗa masa ba, shi ma in ka tambaye shi tafa hannu zai yi ya ce maka to sai me. Yana ɗaura zani a kan wando in zai tuƙa tuwo, yana karya murya, yana yi wa direbobi habaici suna shewa. Gari na kiransa 'Yar Ruma, don daga Ruma ya zo tun yana saurayi. Yana da mata, Hurera, da 'ya'ya, kuma ba a rasa shi a masallacin tasha. Abin da yake yi ko ba ya yi bayan wannan ban sani ba, ban tambaya ba, na'urar awon jinina kuma ba ta taɓa gaya mini ba. Abin da ta gaya mini shi ne yana da hawan jini mai tsanani, irin wanda in aka bar shan magani yake kayar da mutum. Duk wata, ranar kasuwa da safe, sai ya ɗora tukunya ya bar wa Hurera, ya zo a auna shi ya karɓi ƙwayoyinsa. Ranar da yake layi ba a jin tsawon jira, don sai ya sa masu ciki dariya har su riƙe mara.

To ana nan, gab da faɗuwar damina, aka kira mu bita a Safana, mu da ma'aikatan can. Wata ƙungiya ce daga birni mai aikin yaƙi da cutar ƙanjamau ta shirya. Mai koyarwar yarinya ce mai hankali, Malama Hadiza, kuma don Allah ba na ɗora mata laifi. Ta ce mana akwai maza masu neman maza a kowane gari, ko mun so ko mun ƙi, kuma suna gudun asibiti saboda bakin ma'aikata, su zauna da ciwo har ya ci su ya ci iyalinsu. Ta ce aikinmu magani ne, hukunci yana da masu shi. Har nan ba wanda ya isa ya ce ta yi ƙarya. Sai ta ɗauki alli ta ce, to da wane suna ya kamata mu riƙa kiransu, wanda ba zai kore su ba?

Nan fa aka samu aikin yi. Mutanen da ba su taɓa yin awa guda suna shawarar yadda za a samu ruwa a asibiti ba, suka kwashe tun hantsi har azahar a kan suna. Wani dattijo mai ba da magani ya ce sunansu a bayyane yake, 'yan luwaɗi, ya bi da a'uzubillahi har sau uku. Malama Hadiza ta ce wannan ba suna ba ne, tuhuma ce, wadda ake kai mutum gaban alƙali da ita ko a tara masa jama'a. Wani ya ce to a ce 'yan daudu. Wata ungozoma daga Safana ta ce ba ɗaya ba ne, akwai ɗan daudun da iyakarsa tukunya da rangwaɗa, akwai kuma mai gemu da babbar riga da ba wanda zai taɓa zarga. Da ta faɗi haka manyanmu duk suka ɗaga kai suna duban fankar da ba ta juyawa. Aka kawo sunan masu harka, wai haka wasunsu ke kiran junansu, aka ce a'a, sirrinsu ne, ba namu ba. Malama Hadiza ta rubuta wasu haruffan Turanci guda uku da ake amfani da su a ofisoshinsu. Muka gwada faɗa, sai ka ce sunan takin zamani.

Daga ƙarshe Alhaji Sabi'u ya miƙe, ya gyara hannun riga, ya ce shi a ganinsa a kira su baƙi na musamman. Ba zagi, ba tuhuma, ga ladabi, ga karamci irin namu. Aka yi tafi. Ya sake maimaitawa don waɗanda ba su tafa da kyau ba. Na duba ɗakin nan cike da ma'aikata, mun raɗa wa mutane suna ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ya san ana taron sunansa ba. Bayan an ci shinkafa Malama Hadiza ta yi dogon darasi a kan rufe sirrin marar lafiya, wanda shi ne ainihin abin da ya kawo ta. Rabin ɗakin na gyangyaɗi, Alhaji Sabi'u kuwa ya riga ya tafi gaisuwar mutuwa.

Ba a jima ba sai ga bencin da na fara ba ku labari. A jikin majinginarsa an rubuta da farin fenti, manyan baƙaƙe: BAƘI NA MUSAMMAN. Alhaji da kansa ya zo ya zaɓa masa wuri, ƙarƙashin bishiyar bedi, wato dogon yaro, da ke bakin ƙofa, yana fuskantar hanyar kasuwa.

Na ce, “Ranka ya daɗe, a nan za a ajiye shi? Ai duk mai wucewa sai ya gani.”

Ya ce, “Hajiya, abin da ake so ke nan. Masu ƙungiyar nan in sun zo duba aiki, tun daga cikin mota za su ga mun ɗauki darasi. Baƙo ai ba a haɗa shi da 'yan gida a dakali.”

Na ce, “To wa zai zauna?”

Ya ce, “Za su zo. Ke dai ki riƙa sa a share ƙarƙashinsa.”

Aka yi ta shara. Kafin fentin ya gama bushewa duk Batsari ta san ma'anar rubutun, don waɗanda suka yi barci a darasin sirri ba su yi barci a teburin mai shayi ba. Kowa ya ji cewa an yi wa masu neman maza benci, kuma ƙungiyar ƙanjamau ce ta sa. Wata rana na ga mai tsohon ciki ta zauna a ƙasa cikin rana, ga inuwa ga benci, ta ce ita dai nan ya fi mata. Yara kan yi caca a kan wanda zai taɓa shi ya gudu. Baƙin da muka samu na musamman a wannan lokaci awakin maƙwabta ne, su kam ba su iya karatu ba.

Ranar da abin ya faru ba na nan. Mun fita riga-kafin yara a ƙauyukan wajen Wagini tun da sassafe, abin da ya gudana Malam Nura ne ya ba ni labari, da bakinsa, yana ma jiran in yaba masa. Ranar kasuwa ce. An yi wa Alhaji Sabi'u waya cewa masu duba aiki suna hanya, ya iso a gurguje, ya tarar da benci ba kowa sai ganyen bedi. Ransa ya ɓaci. Ya ce yaya za a yi a ce duk faɗin ƙasar nan ba mu da baƙo ko ɗaya, ai sai a ce ba ma aiki. Ya juya ya dubi dakali. Malam Iliyasu na zaune da katinsa a hannu, yana ba wata tsohuwa labarin yadda ake gane daddawar da aka yi wa algus, yana kaɗa 'yan yatsu.

Alhaji bai tambayi abin da ya kawo shi ba. Murya ya ji, hannu ya gani, shi ke nan likita ya gama bincike. Ya taka da kansa ya je, da fara'a, ya ce, “Bawan Allah, taso, ba nan ne wurinku ba. An yi muku wuri mai kyau.”

Malam Iliyasu a tasha yake wuni, ba abin da bai ji ba game da bencin. Ya ce, “Ranka shi daɗe, ni dai a bar ni nan. Maganin hawan jini na zo amsa, kuma an kusa zuwa kaina.”

Alhaji ya ce, “Haba, kada ka ji kunya. Yanzu an waye, ba mai ƙyamar ku.” Ya kama hannunsa.

Ku gaya mini yadda mai tuwo zai fizge hannunsa daga na mai babbar riga a gaban jama'a. Ya tashi. Malam Nura ya ga dama ta samu ta nuna shi ma ya je bita, ya buɗe muryar nan tasa ya ce, “A ba baƙonmu na musamman hanya!” Aka zaunar da shi, aka sayo masa lemon kwalba mai sanyi, aka ce ya ɗan jira manyan baƙi su iso su gaisa. Ya zauna a can gefen benci kamar mai jiran a ce ya tashi. A daidai lokacin hanyar kasuwa ta cika, masu babura, masu jakuna, matan ƙauye da ƙwarya a ka, direbobin da ke cin tuwonsa kullum, kowa ya wuce sai ya rage tafiya ya karanta, wanda bai iya ba a karanta masa. Masu duba aikin kuwa ba su zo ba. Sun ji labarin hanya ba lafiya, suka juya tun daga nesa.

Da na dawo da la'asar na tarar da kwalbar lemo a kan benci ba a buɗe ba, katin Malam Iliyasu a ƙasa. Ya tafi bai karɓi magani ba. Ban taɓa jin baƙin ciki a wurin aiki irin na ranar ba, kuma na faɗa wa Malam Nura maganganun da ba zan maimaita muku ba.

Ga abin da masu raɗin suna ba su lissafa ba. Shekara da shekaru gari na kiran mutumin nan ɗan daudu, ana dariya, ana tsokana, ana cin tuwonsa. Wancan sunan gari ya san inda zai ajiye shi. Amma yanzu asibiti ce ta yi magana, da fenti, a bakin hanya. Mutane suka ce ma'aikata ai sun san abin da suka gani a jininsa. Aka ɗora masa abu biyu a rana ɗaya, aikin da ake jifan mutum a kansa da cutar da ake gudun mutum saboda ita, alhali ba wanda ya taɓa kama shi da ɗayan, ba wanda ya taɓa auna shi a kan ɗayan. Direbobi suka koma wurin mai shinkafa da wake. Wasu samari suka jefi tukwanensa. A masallaci ya tsaya a sahu, na kusa da shi ya matsa.

Na saka na'urar awo da ƙwayoyi a jaka na je gidansa da rana. Hurera ta shimfiɗa mini tabarma tana sharar hawaye. Muka gaisa, na tambayi yara, na tambayi jiki, sannan na ba shi haƙuri iyakar yadda na iya.

Ya ce, “Hajiya, ke ba ki yi mani komi ba. Amma ki duba. Wanda ya ce mani 'Yar Ruma, in amsa, in ƙara mashi miya. Wanda ya ce mani ɗan daudu da zagi, na san shi, na san uwarshi, in rama har shi ji kunya. To wanga sunan naku na ladabi, wa zan rama ma? Da lemo fa aka ba ni shi.”

Na kama ɗaura masa na'ura a hannu.

Ya ce, “Kuma wai baƙo. Ni jikan mutum huɗu, ni ne baƙo a Batsari? Alhajin nan yana ɗan makaranta nake zuba mashi tuwo bashi.”

Jinin ya hau fiye da yadda na taɓa gani a jikinsa. Na ce zan riƙa zuwa gida duk wata ina auna shi. Ya girgiza kai ya ce in aka riƙa ganin farar riga a ƙofarsa ai an tabbatar da zancen cutar ke nan, yana da ɗiya budurwa, ya isa haka. Ya karɓi ƙwayoyin wata guda, ya ce in sun ƙare zai hau babur ya je Safana, inda ba a san shi ba, ya shiga layi kamar kowa.

Ni kuma na koma wurin Alhaji Sabi'u na ce a ɗauke bencin nan. Ya ce ba zai yiwu ba, an riga an sa shi a rahoto, har an yaba. Na sa aka ja shi bayan ɗakin magani. Da ya zo zagaye ya sa aka dawo da shi, ya kuma tuna mini cewa tsakanina da ritaya saura kaɗan, kada in ɓata rawata da tsalle. Game da Malam Iliyasu kuwa cewa ya yi shi bai ga laifinsa ba, mutum ka girmama shi ya zama abin magana, lallai mutanenmu sai addu'a.

Abin da ban sani ba shi ne yabon da aka yi wa rahoton ya isa kunnen takwaran Alhaji na can Safana, shi kuma ba zai yarda a fi shi ba. Malam Iliyasu ya hau babur, ya bi hanyar nan da kowa ke bi da addu'a a baki, ya isa wata cibiya a can. A bakin ƙofa ya ga benci. Nasu kore ne, don a nuna ba kwaikwayo aka yi ba. Ya daure ya wuce taga ya yi sallama ya nemi kati. Mai katin ya ji muryarsa, ya ɗago, fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema, ya ce, “Sannu da zuwa, bisimilla ga wurinku can.” Hurera ta gaya mini ko zama bai yi ba, mai babur ɗin da ya kai shi bai ma kashe inji ba ya dawo da shi. Daga ranar ya ce shi da asibiti har abada. Ya koma jiƙa tafarnuwa da zoɓo. Ƙwayoyin da na riƙa aikawa ta hannun Hurera, wani lokaci ya sha, wani lokaci ya ce a mayar wa masu benci kayansu.

Bayan an gama girbin gero, wata safiya, sai ga bas ta tsaya a ƙofarmu da ƙarfi. Direbobin tasha ne, waɗanda suka daina cin tuwonsa, su suka ɗauko shi. Yana tsaye a kan tukunya da muciya a hannu ya faɗi. Bakinsa ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki. Gadon ɗaukar marasa lafiya da muke da shi ya daɗe da karyewa, shi ma yana cikin abubuwan da muka roƙa aka aiko mana da benci. Malam Nura, da zuciya ɗaya, ya ruga ya jawo bencin nan don a kwantar da shi a shiga da shi.

Malam Iliyasu ya ga shuɗin fentin. Da hannunsa mai rai ya damƙi gefen hijabina. Magana ba ta fita sosai, sai da na sunkuya na ji.

“Ba... nan... ba.”

Na ce a mayar da bencin. Hurera ta kwance mayafinta, aka haɗa da tabarmar direba, maza huɗu suka kama kusurwa huɗu suka shiga da shi. Na yi abin da zan iya, na rubuta masa takardar tura marar lafiya zuwa babban asibiti a Katsina, bas ɗin da ta kawo shi ta wuce da shi. Ya rayu, alhamdu lillahi. Amma hannun da ya shekara talatin yana tuƙa tuwo bai sake ɗaga muciya ba.

Sai bayan wannan masu duba aikin suka samu hanya. Malama Hadiza na cikinsu. Ta sauko daga mota, ta karanta rubutun bencin, ta tsaya kamar an dasa ta. Ta ce, “Hajiya, wa ya ce ku yi wannan?” Na nuna mata Alhaji Sabi'u da ke tahowa da murmushi yana jiran yabo. Da ta ji labarin duka, yarinyar nan ta yi kuka na gaske, ta ce ita da ta zo don kada a kori mutane. Ta roƙi in kai ta wurin Malam Iliyasu. Na ce sai na tambaye shi tukuna, don an gaji da yi masa abu ba a tambaye shi ba. Ya ce ta zo, amma ba da motar ofis ba.

Muka je a ƙafa. Yana kishingiɗe a zaure, Hurera da ɗiyarsa na tuƙi a tsakar gida, don yanzu su ke kai tuwon tasha. Malama Hadiza ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce Baba a yafe mana. Ya ɗaga hannun hagu alamar ya wuce. Sai ta ce akwai tambayar da ya kamata a ce ta yi tun farko, ba a ɗakin bita ba. Ta ce, “Baba, in ka zo asibiti, da wane suna kake so a kira ka?”

Ya daɗe yana haɗa maganar, don harshen bai gama dawowa ba. Sannan ya ce, “Iliyasu. Rago aka yanka.”

An ɗauke bencin a ranar. Na sa aka kankare rubutun, aka shigar da shi ɗakin haihuwa, a kansa muke jera bokitan tarar yoyo, kuma ban taɓa ganin kayan aikin da ya dace da wurinsa kamarsa ba. Alhaji Sabi'u an yi masa ƙarin girma a shekarar, an ce saboda ƙirƙire-ƙirƙire. Na ji an sake yin wata bitar bayan na yi ritaya, an ce baƙi na musamman ya tsufa, an fito da sabon suna mai daɗin ji. Allah ya ba da sa'a.

Ga abin da na koya, ku riƙe ko ku bari. Ba na cewa a riƙa kiran mutane da sunan zagi, wanda ya yi haka a gabana sai ya gane kurensa. Amma mu ma'aikata muna da wata cuta, muna son a ga alherinmu, kuma garin gyaran gira mukan tsone ido. Suna komai daɗinsa, in ya tashi mutum daga cikin jama'a ya zaunar da shi shi kaɗai a bakin hanya, ya gama masa illa. Dakalin simintin nan da kuke rainawa, mai zafi da rana, mai sanyi da safe, shi ne babban rufin asirin da muke da shi. A kansa kowa marar lafiya ne kawai. Sunan da za ku kira kuma yana nan a jikin kati, iyayen mutum sun riga sun hutar da ku.

Ana saura kaɗan in bar aiki, wata ranar kasuwa, na leƙa baranda na ga Malam Iliyasu yana shigowa da sanda, yana jan ƙafa, Hurera na riƙe da shi. Malam Nura ya fito da sauri, wannan karon da murya ƙasa ƙasa, ya ce saboda ƙafarsa bari a shigar da shi kafin kowa. Malam Iliyasu ya ce, “Bar ni a layi.” Ya lallaɓa ya zauna tsakanin wata mai goyo da wani Bafillace mai ciwon ido. Na ci gaba da ganin mutane ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake kowa ba, har katinsa ya iso hannuna. Na leƙa na ce, “Malam Iliyasu.”

Duk dakalin ba wanda ya waiwaya sai shi.